Kawuna Mai Ɗaukar Hoton Tururi

Da hantsi aka kai Kawu Babba makwancinsa, kafin azahar kuwa tabarmin da muka shimfiɗa a ƙofar gida sun gaza, sai da aka aro na maƙwabta. Allah ne Ya ba mu shi, Shi kuma Ya karɓi abinSa. Wannan kowa ya faɗa, kowa ya amsa. Abin da masu gaisuwa suka kasa haɗuwa a kai shi ne, wane aiki ne ma mamacin ya yi a duniya.

Ina cikin gida ina zuba wa mata ruwa na ji wata tsohuwa maƙwabciyarmu tana cewa likita ne. Ta kusa da ita ta sassauta murya ta ce, "Wane likita? Bam sunka ƙera can Turai, shi ya sa ba shi son a tada maganar."

Tanti, matar marigayin, tana jingine da bango da carbi a hannu. Sai ta ɗago kai ta ce, "Tururi shika ɗauka hoto."

Wata ta kasa riƙe dariya, ta toshe baki da gyale tana istigfari. Tanti ma ta ɗan murmusa, sannan hawaye suka zubo mata.

A waje akwai wani dattijo Ba'abzine, makiyayi, wanda ya biyo motar kasuwa tun daga Affala. Shi ke riƙe wa Kawu 'yan tumakinsa. Ya zauna gefen tabarma bai sauke rawani daga bakinsa ba, da aka gaishe shi ya ce, "Shekara da shekaru muna shan shayi tare, bai taɓa katse mini magana ba." Iyakar abin da ya faɗa ke nan har ya tashi. 'Yan matan lise, wato babbar sakandare, suka zo a ayari, ɗaya daga cikinsu ta yi kukan da har mu dangi muka koma rarrashinta. Can da la'asar wayar Tanti ta yi ƙara, ta miƙo mini don muryarta ta dushe. Wata tsohuwar Baturiya ce da suka yi aiki tare da Kawu. Cikin Faransanci, tana yi tana tsayawa, ta ce har gobe idan matasan injiniyoyi suka yi lissafi a can, da hotunan da ya ɗauka suke gwadawa su ga ko sun yi daidai.

Ƙanensa, Kawu Ƙarami, ba abin da ke fita daga bakinsa sai amin.

Ni 'yar ƙanwarsa ce, ma'aikaciyar jinya a nan Tahoua. 'Ya'yana ba su san shi ba sai a matsayin tsoho mai kumburarrun ƙafafu da ke zama ƙarƙashin itacen bedi. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, don kada abin da na sani game da shi ya bi ni kabari.

Su uku Kaka ta haifa a Barmou: shi, sai Innata, sai Kawu Ƙarami. A zamanin da ake ɓoye yara cikin rumbu idan masu ɗaukar yara lakkwal, wato makarantar boko, sun shigo gari, Kaka ba ta ɓoye shi ba. Inna ta ce ba don ta san amfanin boko ba ne, don dai ya ishe ta da tambaya ne. Daga Barmou sai Tahoua, daga Tahoua sai Yamai, daga nan jirgi ya ɗauke shi zuwa ƙasar sanyi, ya yi rabin rayuwarsa a can.

Ranar da na fahimci aikinsa ina makarantar koyon jinya, shi kuma ya zo hutu. Inna na tuyar masa a tsakar gida. Kafin ta zuba ƙullu ta tsoma yatsu a ruwa ta yarfa wa tanda don ta ji ko ta yi zafi. Ɗigon ruwan bai ƙafe nan take ba, sai ya dunƙule yana ta rawa a cikin gurbin. Kawu ya taso daga kujera, da babbar rigarsa da tabaransa, ya durƙusa gaban murhu.

"Ƙara yi in gani," ya ce.

"Yaya, tashi ka ba ni wuri, wuta ta ka cinyewa."

"Ƙara dai. Ɗiyata, zo ki gani. Mi ya hana ruwan ga ƙahewa?"

Na ce ban sani ba.

"Bai taɓa tandar ba. Tururinshi na ya shiga tsakani, shina zaune bisa shi kamar bisa matashi. To wanga abu shi nika tsoro tun da nis soma aiki."

Ya je ya zaro kara daga danni, ya haɗa su dami guda ya ɗaure da zare, ya tsayar a gabana. Ya ce a tashar da ake samar da wutar lantarki da uraniyom ba a ƙona komai. Ana dura uraniyom ɗin ne cikin sandunan ƙarfe sirara kamar yatsa, dogaye sun fi mutum tsawo, a ɗaure su dami-dami a tsaye cikin wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe. Sandunan da kansu suke yin zafi. Ruwa yana bi ta tsakaninsu daga ƙasa zuwa sama yana kwashe zafin, ya tafasa, tururin ya je ya juya inji. Muddin ruwa na lasar jikin sanda, lafiya lau. Amma tururi ba ya kwashe zafi kamar ruwa. Inda ya taru ya yi yawa har jikin sanda ya bushe, wurin sai ya yi ta ɗaukar zafi har sandar ta lalace, kuma abin da ke cikinta ba abin da ake so ya fito ba ne.

"To ai sai a buɗe a duba," na ce.

"Wa za ya buɗe? Tukunya ce ruhe ruf, bangonta ya hi na gidan ga kauri ga ƙarhi."

Abin da suka yi, in ji shi, sun ƙera irin damin sak, amma ba uraniyom a ciki, da lantarki ake gasa sandunan. Suka sa shi cikin bututun ƙarfe, ruwa na bi yana tafasa. Sannan suka kawo wani haske mai ratsa ƙarfe, ɗan'uwan wanda muke yi wa marasa lafiya radiyo, wato hoton ƙirji, da shi, sai dai ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Hasken na wannan gefe, na'urar da ke ƙirga abin da ya ratso tana wancan gefe, ana juya su suna kewaya bututun. Ruwa yana shanye hasken da yawa, tururi kuwa barinsa yake ya wuce. Daga abin da ya ratso ta kowace kusurwa kwamfuta ke haɗa hoto, kamar an yanka albasa a tsakiya ana kallon zobbanta: ga sanduna, ga inda ruwa yake, ga inda tururi ya taru.

"Kuma mi kunka gani?" Inna ce ta tambaya, ita da ta ce ya tashi ya ba ta wuri.

Ya yi dariya. "Tururi ɗan son sarari na. Inda hanya ta hi hwaɗi can shika tururuwa, shi bar ma ruwa lungu. Kuma ba kullum shika zama inda lissahi yac ce ba."

Na tambaye shi idan hoto da lissafi suka saɓa, wanne ake bi. Ya ce a sake ɗaukar hoton, a canza na'ura, a ba wani ya ɗauka. Idan ya sake faɗin abin da ya faɗa, to lissafi ne zai sunkuyar da kai. Masar farko ta ƙone ƙurmus a ranar, shi kuma ya ce a ba shi ita.

Yana da wata tambaya da ta gallabi kowa a dangi. Da ka kawo masa labari sai ya kalle ka ta saman tabarau ya ce, "Ka gani, ko an ce maka?" Wata rana a farkon damina wani ɗan'uwanmu ya shigo da murna yana cewa an yi ruwan shuka a Bambeye. Kawu ya dubi takalmansa ya ce, "Ka taka laka?" Mutumin ya fita yana gunaguni. Amma ba don ya ƙaryata mutane yake yi ba. Idan ka ce masa ba ka sani ba, fuskarsa har haske take yi, ya jawo maka kujera. Bayan ya ajiye aiki ya dawo gida, zaurensa ya zama ajin 'yan lise da yamma. Yawancinsu mata ne, don samari ba sa jure tambayarsa. Yarinyar da ta yi kukan nan ranar rasuwa ta gaya mini ta taɓa faɗuwa jarrabawa ta yi niyyar barin karatu, ta daina zuwa. Sai ga shi da sandarsa a ƙofar gidansu da rana tsaka. Bai yi mata faɗa ba, bai yi mata nasiha ba. Cewa ya yi akwai wani lissafi da ya shige masa duhu, idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu, ko za ta zo ta karanta masa. Ta ce ta san dabara ce, amma ta kasa cewa a'a.

Ba zan ce ba shi da aibi ba, shi kansa ba zai yarda in faɗi haka ba. Idan aiki ya kama shi, mantawa yake da akwai mutane a duniya. Kuma wannan halin ne ya raba shi da ƙanensa shekaru masu yawa.

Kawu Ƙarami bai yi boko ba. Direban kamyo ne, babbar motar kaya, shi ke ɗauko gangunan uraniyom daga ma'adinan arewa ya ratsa da su ta Tahoua ya yi kudu. Idan ya sauka a Barmou, shi ne mai cika rumbu, shi ne mai gyaran ɗaki kafin damina. Da Kaka ta kwanta ciwon ajali aka buga wa Kawu Babba waya. Lokacin an ba su babbar na'urar da suka daɗe suna jiran layinta, kuma idan suka saki sai wata shekara. Ya tambaya jikin da sauƙi? Aka ce da sauƙi, yadda mukan ce. Ya ce to bari ya ƙarasa awon, yana gamawa zai hau jirgi. Shi da ke tambayar kowa ko ya gani da idonsa, a wannan karon ya karɓi abin da aka ce masa, don shi ne abin da yake son ji. Ya iso Barmou an riga an yi sadakar bakwai.

Ina wurin da suka haɗu. Kawu Babba ya sauko daga mota ya miƙa hannu. Kawu Ƙarami ya karɓa, don jama'a na kallo, amma bai saki hannun ba sai da ya ce, "Yaya, ka ga cikin ƙarhe, huskar uwarka ko ba ka gani ba. Ni nika ɗauko musu ƙasag ga, kai kana auna musu tururi, garuruwansu na haske. Tsohuwa da hitilar ƙwai tac cika."

Dattawa suka yi ta ba da haƙuri. Kawu Babba ya nemi a nuna masa kabarin, ya tafi shi kaɗai. Daga baya na so in ɗauke masa nauyin abin, na ce ai kwana ne ya ƙare, ko yana nan ba zai ƙara mata numfashi ba. Ya ce, "Bari, ɗiyata. Gaskiya yaf faɗa."

Tun daga nan tsakaninsu sai gaisuwa. Ko da ya dawo ƙasar gaba ɗaya ya gina gida a Tahoua, idan ya je Barmou duba gonar gado, ƙanen sai ya sami abin yi a bayan gari. Inna ta yi kuka, ta yi fushi, ta haɗa su da liman, duk a banza. Kowace sallah Kawu Babba, shi da yake babba, shi ke zuwa gaida ƙanensa. A amsa masa a tsaye, ya juyo.

Ana nan sai Kawu Ƙarami ya kama tari. Ya rame, riga ta yi masa yawa, zazzaɓi ba ya sakinsa, har ya fara tofar da jini. Matarsa ta kira ni. Na je Barmou na ce ya zo asibiti a yi masa radiyon ƙirji. Ya ce ko gawarsa ba za a kai ba. A ganinsa ƙurar ma'adinai ce ta cinye masa huhu, kuma hasken radiyo ɗan gidansu ne, ƙarasa shi zai yi. Ya ce abokan tuƙinsa da yawa haka suka tafi, shi ma ya shirya. Na yi magiya, na kawo masa misalin mutanen da na gani sun warke, ya juya fuska bango.

Na dawo na gaya wa Kawu Babba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce da Tanti ta ɗauko masa hularsa.

Mun iske shi kwance a rumfa. Kawu Babba ya zauna a ƙasa kusa da tabarmar, ba a kan kujerar da aka kawo masa ba. Suka gaisa sama-sama.

"In maganar radiyo ta kawo ka, koma," in ji Kawu Ƙarami.

"Ita ta kawo ni."

"Za ka ce mini ƙurag ga ba ta kisa?"

"Ba ni cewa. Tana iya yi, kuma ta yi ma wasu. Amma ni ban san mi a ƙirjinka ba, kai ma ba ka sani ba. Ɗiyag ga ma ba ta sani ba, ga ta nan tambaye ta."

Na ce ban sani ba.

"Hasken da nika aiki da shi," Kawu Babba ya ci gaba, "bayan bango mai kauri muka tsayawa in an kunna shi, don in ya same ka ba ka ƙara shan hura. Na san na tsoro. Wanga na asibiti ƙyaftawar ido ɗaya na, kaɗan na ƙwarai. Da mai cuta na, da ban zaka in kai ɗan'uwana gare shi ba."

"Yau ni a ɗan'uwanka?"

Kawu Babba ya daɗe yana murza hularsa a hannu. Sannan ya ce, "Na makara sau ɗaya. Kada ka sa in makara sau biyu. Ni za ni hwara shiga, kana kallo. In na hito da ƙahwata, kai ma ka shiga."

Da muka tashi tafiya, Kawu Ƙarami ya ce da matarsa ta miƙo masa takalmi.

A asibiti mai ɗaukar radiyo ya ce ba ya ɗaukar mai lafiya don kawai a ƙarfafa wa wani gwiwa. Kawu Babba ya ce ya yi daidai, haka ya kamata. Sai na tuna musu cewa likita ya daɗe da cewa Kawu Babba ma a yi masa, saboda haki da yake yi idan ya ɗan yi tafiya, shi ne yake ta ɗagawa. Aka yarda. Ya tuɓe riga ya shiga, ya manna ƙirji a allon, ya ja numfashi ya riƙe. Ya fito yana ɗaura maɓalli ya ce, "Ga ni." Kawu Ƙarami ya dube shi sama da ƙasa, ya miƙe ya shiga.

Da hotunan suka fito likita ya maƙala na Kawu Ƙarami a jikin fitila, ya nuna wani tabo a saman huhu ya ce wannan ya yi kama da tarin tibi, a gwada kaki a tabbatar. Aka gwada, shi ne. Ciwo ne mai magani. Matar Kawu Ƙarami, da ta biyo mu, ta durƙusa a tsakiyar baranda tana hamdala.

Sannan aka maƙala na Kawu Babba. Kafin likita ya buɗe baki, shi ya matsa kusa, ya gyara tabarau, ya auna faɗin inuwar zuciyar da tafin hannunsa, ya auna faɗin ƙirjin. Ni ma na gani. Zuciyar ta kumbura, ta cinye fiye da rabin wurin.

"Ta yi girma," ya ce da likita.

"Ta yi, Baba."

"To. Gara da munka gani."

A mota da muke komawa, sai da muka kusa gida Kawu Ƙarami ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ashe kai a maras lahiya."

Saboda shan magani a kan kari, Kawu Ƙarami ya zauna a Tahoua, a ɗakin baƙi na gidan yayansa, a ware da kwanonsa da kofinsa har likita ya ce ya daina yaɗuwa. Kawu Babba ke tsaye a kansa kowace safiya sai ya ga ƙwayoyin sun wuce maƙogwaro. Wata ya bi wata, ɗaya na murmurewa yana cika riga, ɗaya ƙafafunsa na kumbura, numfashinsa na gajarta. Da maganin ya ƙare aka ce Kawu Ƙarami ya warke sarai, bai koma Barmou ba. Ya aika aka taho da matarsa. Shi ke kama yayansa zuwa alwala, shi ke tuƙa shi asibiti, shi ke faɗa da Tanti a kan gishiri a miya. Suna gardama kullum, a kan labarun rediyo, a kan irin gero, a kan ko ƙasarmu za ta taɓa haska gidajenta da abin da ke ƙarƙashin ƙasarta. Kawu Babba yakan ce zai yiwu, amma sai an sami yara masu haƙurin auna abu har su tabbata, kuma masu ƙarfin halin faɗin abin da suka gani ko ba a so. Kawu Ƙarami yakan ce shi dai a fara da kawo wutar da ba ta ɗaukewa lokacin zafi. Maganar Kaka kuwa ba wanda ya taɓa tayar da ita.

Sai a daminar bana. Na zo da hantsi auna wa Kawu Babba tansiyo, wato hawan jini, suna zaune ƙarƙashin bedi. Ina naɗa masa abin awon a dantse ya ce da ƙanensa, "Ina son ka yahe mini maganar tsohuwa. Ita ba ni samun roƙonta sai can. Kai ko ga ka."

Na yi niyyar tashi in ba su wuri, Kawu Ƙarami ya ce in zauna, gara a sami shaida. Ya sunkuyar da kai.

"Yaya, ni za ka yahe ma. Akwai saƙon da tab ba ni, ban isar ba."

Kawu Babba ya dube shi.

"Ranar da za ta cika nic ce mata bari in ƙara buga maka waya. Tar riƙe mini hannu tac ce, 'Kada ka kira shi. Yaron ga tun shina ƙarami in ya kama abu ba shi saki sai ya ga ƙarshenshi. Ni nib bar shi yat tahi. Ka ce mashi shi gama aikinshi, na yahe mashi duniya da lahira.' Haushi ya hana ni hwaɗi. Ni ina nan ina ɗaukar ta ina aje ta, amma sunanka a bakinta. Sai nir riƙe."

Abin awon yana hannuna, na manta da shi. Kawu Babba ya rufe ido. Na ji tsoron kada zuciyar ta tsaya a wurin. Can ya ce, a hankali, "Maimaita mini abin da tac ce."

Ya maimaita.

"Ƙara."

Ya ƙara, wannan karon yana kuka kamar ƙaramin yaro. Kawu Babba ya miƙa hannunsa mai kumburi ya ɗora a kan ƙanensa, ya bar shi a nan. Bai ce ya yafe ba, bai ce ya ji haushi ba. Da ya buɗe ido sai ya ce da Tanti ko akwai sauran fura, yunwa yake ji. Rabonsa da neman abinci da bakinsa an daɗe. Ya shanye kwanon tas.

Bai ƙara wata guda a duniya ba. Ya cika da safe bayan an idar da sallah, kansa a kan cinyar ƙanensa. Shi ya laƙƙana masa kalmar shahada, ya amsa, shi kuma ya shafe masa ido.

Ya Allah, bawanKa ne ya zo maKa, ɗan baiwarKa. Ka san abin da ya ɓoye da abin da ya bayyana. Ka yafe masa inda ya gaza, Ka karɓi abin da ya yi na alheri, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka ba Tanti da ƙanensa da Innata juriyar rashinsa. Ka sada shi da mahaifiyarsa a gidan rahama, ya ji maganar nan daga bakinta.